Feshin Mangwaro a Damina: Yaushe Ruwa Ke Wanke Magani?

Kowace damina mai bishiya yakan yi wa kansa tambaya guda: na yi feshi da hantsi, hadari ya haɗo da la'asar, ruwa ya sauka, shin kuɗina sun bi gwata ke nan, ko da sauran magani a jikin ganye? Mai mangwaro guda a tsakar gida a Nima ta Akra yana yin ta, mai eka biyar a hanyar Dodowa ma yana yin ta. Amsa biyu aka fi bayarwa, kuma kowacce asara take jawowa. Wani ya ce ruwa ya wanke komai, gari na wayewa ya sake goya famfo, har ya ƙara murfi guda a kan awon jiya don wai ya kama. Wani kuma ya ce ai na riga na fesa, ya naɗe hannu sai ya ga 'ya'ya suna zubowa da tsutsa a ciki. Alhali abin yana aunuwa, kuma kayan awon ba su wuce agogo da gwangwani da takardar da ke jikin kwalba ba.

A fara da yanayin garin. Akra ba ta kai Kumasi ruwa ba, balle Axim. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 800 ba. Sai dai a dunƙule yake zuwa. Babbar damina takan kankama a Afrilu, ta yi ƙarfi a Mayu da Yuni, ta ja baya a tsakiyar Yuli, kuma Yuni kaɗai kan kwashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan shekara. Agusta watan lumshi ne da sanyi-sanyi, sannan ƙaramar damina ta biyo daga Satumba zuwa Nuwamba. To, a daidai wannan babbar damina ne mangwaron aure irin su Keitt da Kent na gonakin Dodowa da Somanya ke ƙosawa. A lokacin ne kuma ƙudan mangwaro ke yin yawa. Wannan ƙuda, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis, baƙo ne daga Asiya. An fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, ya iso Ghana a 2005. Yana son laima, yana son 'ya'ya masu shirin nuna. Ke nan watan da bishiya ta fi bukatar kariya shi ne watan da magani ya fi wuyar zama a jikinta.

Ba duk magani ne ke zama a ganye iri ɗaya ba, kuma nan ne tushen maganar. Akwai wanda ke kwanciya a saman ganye yana jiran ƙwaro ya taka ko ya ci. Irin su lambda-cyhalothrin da cypermethrin, waɗanda suka cika shagunan kayan noma, nan suke. Ba sa narkewa a ruwa da sauƙi, suna manne wa kakin da ke lulluɓe da ganye, don haka yayyafi bai cika yi musu komai ba in sun riga sun bushe. Ruwa mai duka ne ke kankare su. Akwai wanda ke ratsa fatar ganye ya zauna a cikinta, kamar spinosad da emamectin. Akwai kuma wanda ke shiga har ya bi jijiyoyin ganye, kamar imidacloprid da acetamiprid. Waɗannan na ƙarshe suna da wani hali da ke ruɗa mutane. Kafin su shiga, sun fi kowa saurin wankewa, domin suna narkewa a ruwa. Bayan sun shiga kuwa, ruwa ba ya iya fito da su. Mai shago zai ce maka wannan mai shiga jiki ne, ruwa ba ya taɓa shi. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta: sai in ya sami lokacin shiga, kuma ya fi shiga ganye a kan fatar ɗan itacen, wadda ita ce ƙuda ke hudawa.

Wani masanin ƙwari a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, John Wise, ya daɗe yana gwada wannan a wani ɗaki da ake saukar da ruwan sama na gwaji a kan rassan tuffa da inabi da aka yi wa feshi. Abin da aikinsa ya nuna shi ne yawancin magunguna suna bukatar awa 2 zuwa 6 su bushe su kama, masu bin jijiya kuwa har awa 24 kafin su shiga sosai. Ruwan da bai wuce rabin inci ba, wato wajen milimita 12, bai cika kashe aikin sabon feshi ba. Inci guda, milimita 25, yana rage da yawa, musamman in feshin ya yi mako. Inci biyu, milimita 50, kusan ba ya barin abin da za a dogara da shi, ko wane iri ne. A tuffa da inabi aka auna wannan, a ƙasar da ruwanta bai kai namu ƙarfi ba. Don haka in awonka ya faɗo a kan iyaka, ka ɗauka ruwan ya ci fiye da yadda lissafi ya nuna.

Yaya za ka san milimita nawa suka sauka a gidanka? Kada ka dogara da ido, domin ƙarar ruwa a rufin kwano tana sa kowane yayyafi ya yi kamar ambaliya. Kada kuma ka dogara da abin da aka auna a filin jirgin sama na Akra, duk da yana kusa; sau da yawa ana tafka ruwa a Maamobi alhali Madina ƙura ake. Nemi gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin na Milo ko babban na tumatir, ka cire leɓen bakin. Ka ɗora shi a fili a kan bulo, nesa da indararo da inuwar bishiya, ka tokare shi da duwatsu kada iska ta kifar. Ruwa na ɗaukewa ka tsoma rula. Zurfin santimita ɗaya milimita 10 ke nan, santimita biyu da rabi inci guda. Ka zubar, ka rubuta a kalanda tare da ranar da ka yi feshi. Abin da ke da muhimmanci shi ne jimillar ruwan da ya sauka tun ranar feshin, ba na yini guda kaɗai ba. Milimita 10 sau uku a mako milimita 30 ne.

Da wannan a hannu, hukunci ya yi sauƙi. In ruwa ya sauka kafin ganye ya bushe, wato cikin awa ɗaya ko biyu, kuma ya yi ƙarfin da ganye ke ɗiga, ka ɗauka feshin bai yi ba. In ya bushe sarai kuma gwangwani bai kai santimita ɗaya ba, ka bar bishiya ta huta. In ya kai biyu da rabi, ka duba shekarun feshin: na jiya ko shekaranjiya yana da sauran ƙarfi, wanda ya yi kwana bakwai rana ta riga ta cinye rabinsa, ruwan ya ƙarasa shi. In ya kai santimita biyar, babu sauran kariya. Amma ko a nan, rashin magani a ganye ba shi ne dalilin sake feshi ba. Dalilin sake feshi shi ne ƙwaro. Ka juya ganye ka duba bayansa, ka duba tarko, ka duba 'ya'ya ko akwai sabon tabon huda mai fitar da danƙo. Ruwa mai ƙarfi da kansa yana kakkaɓe darɓa da ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye, har wani lokaci ya yi maka aikin da ka sayi magani dominsa.

In kuwa ta tabbata sai an sake, to a sake da awon da takarda ta faɗa, ba ƙari. Ninka awo ba ya sa magani jure ruwa. Abin da yake yi shi ne ƙona sabon toho, ƙara guba a jikin abin da yara za su tsinka su ci, da koya wa ƙwari jure maganin. Takardar takan faɗi kwanakin da za a bari tsakanin feshi da feshi, da iyakar adadin feshi a kaka guda, kuma wanda ruwa ya wanke ma yana cikin ƙidaya. Haka nan kwanakin jira kafin a tsinka. Ruwan sama ba ya rage su ko da kwana guda, kuma ranar da ka sake feshi lissafi ya koma farko. Wannan ya shafi mata masu sarin mangwaro su kawo kasuwar Nima. Hajiya, in kin je gona sari, ki tambayi mai gona ranar feshinsa na ƙarshe da sunan maganin. In ya ce ai an yi ruwa bayan nan, bai ba ki amsa ba.

Wanda ya iya zaɓen lokaci ba ya yawan shiga wannan lissafin. Ka saurari hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana a rediyo ko a waya tun dare, sannan ka haɗa da idonka. Hadarin tsawa na farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa, yakan zo da iska a gaba, kuma ya fi yawa daga azahar zuwa dare. Na tsakiyar Yuni kuwa sau da yawa mamako ne, ya wuni yana zuba a hankali, ganye bai bushe ba balle magani. A irin wannan mako ajiye famfo ya fi. Lokacin da na fi yarda da shi shi ne bayan raɓa ta ɗauke, kafin iskar teku ta tashi da rana. Kada a fesa a jiƙaƙƙen ganye, ko na raɓa ko na ruwan dare: maganin zai tsinke ya gangara ƙasa tun kana tsaye. Ka shafa ganye da bayan hannu, in ka ji danshi ka jira. Ka tuna kuma iskar Akra cike take da laima, abin da zai bushe cikin rabin awa a Kano da rani yana iya cin awa biyu ko fiye a nan. Gwamma ka yi feshi bayan ruwa ya wuce gari ya washe, da ka yi tsere da hadarin da kake gani a sama.

In bishiya tana fure, maganar ta canza. Ƙudan zuma da ƙudaje ne ke barbarar furen mangwaro, kuma imidacloprid da danginsa suna hallaka su. A lokacin fure a bar maganin ƙwari gaba ɗaya in da hali.

Yadda aka fesa ma yana da hannu a abin da ruwa zai bari. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yi wa bishiya wanka har tana zuba. Ɗigon farko da ya faɗo daga bakin ganye alama ce cewa ganyen ya ɗauki iyakarsa. Duk abin da ya biyo baya ƙasa yake tafiya. Ka saita bakin famfo ya ba da ɗigo matsakaici, ka cusa sandar cikin rassa kana harbawa sama, yadda bayan ganye zai samu. Nan ƙwari ke fakewa, nan kuma ruwan sama bai cika kaiwa ba, don haka maganin da ya zauna a bayan ganye ya fi na samansa daɗewa. Magunguna masu mai, waɗanda ke da baƙaƙen EC a jikin kwalba kuma suke yin fari in an zuba a ruwa, sun fi na gari masu WP kama ganye. Akwai danƙon feshi da ake sayarwa don ƙara mannewa, yana taimako in takardar maganin ta yarda da shi, amma ba ya maye gurbin awannin bushewa. Zuba garin sabulun wanki a famfo, kamar yadda wasu ke yi, yana sa magani ya bazu, sai dai yana sa ruwa na gaba ya fi saurin ɗauke shi. A haɗa da ruwa mai tsabta, ba na gwata ko na kududdufi ba, domin laka tana riƙe magani ta rage masa ƙarfi. Abin da aka haɗa a fesa shi ranar. Don haka a duba sama tun kafin a buɗe kwalba.

Maganin cutar ganye kuwa lissafinsa daban ne, kuma haɗa su a kai ɗaya yana sa mutane kuskure. Baƙin tabon da ke ƙona fure ya kuma ɓata fatar mangwaro a damina ba aikin ƙwaro ba ne, cuta ce da fantsamar ruwan sama ke ɗauka daga reshe zuwa reshe. Magungunanta na yau da kullum, mancozeb da masu sinadarin tagulla, riga-kafi ne: ba sa warkar da inda cuta ta riga ta shiga. Su kam so ake ruwa ya tarar da su a bushe a jikin ganye. Wanda ya jira sai mako na ruwa ya wuce sannan ya fesa su, ya makara. Kuma da yake a sama suke kwanciya, ruwan inci biyu yana tafiya da mafi yawansu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato bishiyar cikin unguwa. Gidan haya a Nima ko Maamobi ba gona ba ne. Ƙarƙashin mangwaron nan ake girki, ake shanya, ake alwala, yara ke rarrafe, kaji da tumaki ke kiwo. Rassansa sun hau rufin maƙwabta, rufin kuma yana zuba a duro da bokitin da aka tara don wanki, wani lokaci har da sha in famfo ya ɗauke. Maganin da ruwa ya wanke daga ganye bai ɓace ba, wuri ya sauya. Wani ya shiga duron maƙwabciya, wani ya kwanta a simintin tsakar gida, saura ya bi lungu ya faɗa babbar gwatar Nima, daga nan Odaw, daga nan tafkin Korle da teku. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san yadda ruwan unguwannin nan ke haɗuwa wuri guda. Lambda-cyhalothrin da cypermethrin kuwa suna cikin mafiya guba ga kifi. A ganina, doguwar bishiyar da ta zarce rufi a tsakiyar gidan jama'a bai kamata a yi mata feshin lulluɓe ba sam, ko da damina ko da rani. Famfon goyo mai lita 15 ba ya kaiwa ƙololuwarta. Abin da ka harba sama a fuskarka da tukunyar wani zai sauka.

Kuma ko da ya kai, ba zai magance ƙudan mangwaro yadda ake zato ba. Macen tana huda fata ta ajiye ƙwai a ciki, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi ta ci daga ciki inda feshi ba ya isa. In ɗan itacen ya faɗi, sai tsutsar ta fita ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito da fiffike. Don haka aikin da ya fi kowane feshi amfani, wanda kuma ruwa ba ya wankewa, shi ne tsince duk abin da ya faɗo, kullum in da hali. A zuba a baƙar leda mai kauri marar huda, a ɗaure, a bar ta a rana kwanaki har zafi ya kashe tsutsar, ko a binne a ramin da ya kai zurfin rabin mita. Jefa su a gwata ko a bola kiwon ƙuda ne. Wannan aiki sai da haɗin kai, domin ƙuda bai san katanga ba. In masu bishiya na lungu guda suka yi magana bayan sallar la'asar suka sa rana ɗaya ta tsinta, sun fi wanda ya sayi kwalba uku shi kaɗai.

Sai tarko. Akwai wani sinadari mai ƙamshi, methyl eugenol, da ke jawo mazan wannan ƙuda daga nesa. Ana sayar da shi a jiƙe a ɗan katako ko auduga tare da abin kashewa. Ka sami gorar ruwa ta roba, ka huda ramuka uku ko huɗu a kafaɗarta, ka rataye katakon daga murfi, ka ɗaure gorar a reshe cikin inuwa inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ka yi 'yar huda a gindi don ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Murfin gorar shi ne laimarta, don haka damina ba ta hana ta aiki. Maza kaɗai take kamawa, amma tana rage barbara, kuma ita ce ke gaya maka ranar da ƙuda ya fara yawa.

Matan kuwa da abinci ake yaudararsu. Akwai haɗin da ake kira GF-120, abincin ƙuda ne da aka gauraya da ɗan spinosad kaɗan. Ba a lulluɓe bishiya da shi. Ana tsarma shi yadda takarda ta ce, a buɗe bakin famfo ya ba da manyan ɗigo, a fesa wuri guda da bai wuce faɗin tabarmar salla ba a jikin ganye, ba a kan 'ya'ya ba. Ƙuda ne ke zuwa wurin maganin da kansa. Rauninsa shi ne ruwa: yana da zaƙi da danƙo, yana narkewa nan da nan. Shi ya sa ake sa shi a bayan ganye can cikin rassa, ana sabuntawa kowane mako, kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi a sake. Sake shi bai da nauyin sake feshin lulluɓe, tunda abin da ke fita kaɗan ne ƙwarai. Ana kuma iya shafa shi a cikin wani abu mai rufi, kamar rabin gora da aka kifa aka rataye, yadda ruwa ba zai same shi ba.

Ga gwaiba da gajeren mangwaron aure, sa wa kowane ɗa jakar takarda tun yana ɗanye ya wadatar. Jarida ba ta jure ruwa biyu; a nemi takarda mai kauri ko mai santsin kaki, a bar gindinta da 'yar kafa. Sassabe bishiya bayan an gama tsinka, a rage mata tsawo a buɗe tsakiyarta, yana sa iska ta ratsa ganye ya bushe da wuri, cuta ta ragu, hannu kuma ya kai ko'ina.

Farin ƙwaron nan mai kamar auduga da ke taruwa a bayan ganye, har ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, shi ma baƙo ne daga Asiya. Ya addabi mangwaro a Ghana da Togo tun farkon shekarun 1980, sai da masana suka kawo wata 'yar mitsitsiyar zanzaro daga Indiya mai yin ƙwai a jikinsa, aka fara sakinta a Togo a 1987, sannan ya lafa. Yawan feshin lambda yana kashe wannan zanzaro kafin ya kashe ƙwaron, wanda kakin jikinsa ke kare shi. Haka jan tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi sheƙa: tana cizo, amma bishiyar da take kai ƙuda bai cika samun sakewa ba. In farin ƙwaro ya yi yawa a ƙananan rassa, ruwan sabulun alata mai sauƙi ya isa. Sabulu yana aiki ne lokacin da yake jiƙe a jikin ƙwaro kawai, don haka ruwan da ya sauka bayan awa guda bai rage komai ba, sai ma ya ɗauraye ganyen. A fara gwadawa a reshe ɗaya kada ya ƙona. Ruwan 'ya'yan dogon yaro ma yana korar masu cin ganye: a daka ƙwayar, wajen giram 50 a lita guda, a jiƙa ta kwana, a tace. Shi kam rana tana kashe shi cikin 'yan kwanaki, ruwa kuma yana wanke shi, don haka da yamma ake fesa shi a ranar da babu hadari.

In duk da haka feshi ya zama dole a gida, ga ƙaramar bishiyar da hannu ke kaiwa, to a sanar da maƙwabta tun jiya. A rufe duro da randa, a kwashe shanya da kwanuka, a kulle dabbobi, a fitar da yara. Ruwan farko da zai sauko daga rufin bayan feshi kada kowa ya tara. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, takalmin roba, safar hannu ta roba, ya rufe hanci da ido. Kada ya hura toshasshen bakin famfo da bakinsa. Ragowar haɗi da ruwan ɗaurayar famfo a fesa su a gindin bishiya inda akwai ƙasa, ba a gwata ba. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba cikin famfo, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwa. Magani kuma a saye shi a kwalbarsa ta asali mai lambar rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, ba wanda aka ɗura a gorar lemo ba. Zanen launi a gindin takarda yana nuna ƙarfin guba: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai jan zane ba shi da wurin zama a gidan da ake kwana. Mutanen wannan yanki ba su manta da yara uku 'yan gida ɗaya da suka rasu a Abavana Down a 2018 ba, bayan an sa maganin hayaƙin rumbu a ɗaki don kashe ƙwari. Allah Ya jiƙansu. In wani ya ji jiri, amai, yawan miyau ko ido na ganin dishi-dishi bayan feshi, a cire masa kaya, a wanke shi da sabulu, a garzaya asibitin Maamobi ko na sojoji na 37 tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Maganin mai mai in ya koma huhu ya fi ɓarna.

Masu gona a Dodowa, Ayikuma ko Somanya, musamman masu sayar wa kamfanonin sarrafawa ko masu fitarwa waje, su riƙe littafi: rana, sunan magani, awo, ƙarfe nawa aka gama, ƙarfe nawa ruwa ya fara, milimita nawa. Daga 2015 zuwa ƙarshen 2017 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga barkono da gauta da wasu kayan lambun Ghana saboda ƙwarin da ake samu a ciki, kuma ragowar magani a jikin kaya ma yana sa a mayar da su. Littafin ne zai nuna wa malamin gona na gunduma ko jami'in sashen kare tsirrai da ke Pokuase inda matsala take. Shi ne kuma zai nuna maka, bayan damina biyu, wane magani ne ke jure ruwan gonarka, da kuma makonnin da feshi a cikinsu zubar da kuɗi ne kawai, yadda baɗi za ka ajiye su don tarko da tsinta.